Tsohuwar Bindigar Baba da Kunnena na Dama

Kunnena na dama ba ya ji sosai. In mutum ya zauna ta wannan ɓarin yana yi mini magana, sai na karkato masa na hagu, in kuwa a kasuwa ne sai ya maimaita. Masu kawo ɗinki shagona a Tudun Wada sun ɗauka ƙarar keken ɗinki ce ta cinye shi, ni ma na bar su a haka don labarin yana da tsawo. Amma na san abin da ya cinye shi. Gajeriyar bindigar babana ce, da biran wani dutse a ƙasar Doguwa, da wata al'ada tamu wadda har gobe in na tuna ta sai raina ya ɓaci.

Ni ɗan fari ne. Gidanmu jinin Fulani ne, ko da yake mun daɗe da ajiye sanda mun kama fartanya, kuma a irin gidajenmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Ana yaye ni aka kai ni wurin kakata a Kiru, can na girma. Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa duban tsabar idona ya ce mini ci kanka ba. In na zo gida na durƙusa na gaishe shi, katanga yake kallo ya ce, "An zo lafiya?" In aike yake so, sai ya gaya wa iska: "Da za a samu wanda zai kai wa maƙeri fartanyar nan." In ambatona ya zama dole, ni ne "wancan", bayan na koyi ɗinki kuma aka yi mini ƙarin girma na zama "telan Tudun Wada". Ƙanina da ke bi na kuwa, shi ne ɗan gaban goshi. Sunansa ba ya hutawa a bakin Baba daga asuba zuwa magariba, tare suke cin tuwo, tare suke shiga daji, shi aka koya wa komai har da bindiga.

Mutane sukan ce ai fulako ne, kunyar Fulani, ƙauna ce a ƙulle. Na ji, ban musa ba. Amma ƙullin da ba a kwance ba, wa ya san ko gishiri ne a ciki ko ƙasa? Na kai har na yi aure na haihu ban san ko wanne ne a cikin nawa ƙullin ba.

A shekarar da nake ba da labari, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba tun farkon damina. Hannun dama ya mutu, ƙafar dama sai ja, bakin ne kawai Allah ya bar masa lafiya lau. Innata ta riga ta rasu, ƙanina yana can Fatakwal yana sayar da albasa. Goggo, ƙanwar Baba da ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, ita ke jinyarsa. Gona ɗaya tak aka samu aka noma musu, ta masara a gindin dutse, ita ma da taimakon maƙwabta. In ta tafi, gidan ba shi da tuwo har wata shekarar. Masara tana fara yin ƙwari sai ga wayar Goggo: "Ka zo, ɗan nan, birai za su cinye mu da rai."

Na rufe shago na hau babur. Wanda bai ga ɓarnar gwaggon biri ba bai san ɓacin rai ba. Da ci suke yi su ƙoshi su tafi, da da sauƙi. Sai ɗaya ya karya masara, ya gatsa sau ɗaya, ya yar, ya karya wata ya cusa a hammata, ya ga wadda ta fi ta ya saki ta farko. Sukan sauko da hantsi, su koma, su sake saukowa da la'asar. Goggo ta kafa mutum-mutumi, sun cire masa hula. Ta rataya gwangwanaye, sun mai da su abin wasa. Ni kuma na je da majajjawa da ihu, babbansu ya zauna a kan wani dutse yana kallona, da na gaji ya yi hamma ya nuna mini haƙora. Maƙwabcin gonarmu ya ce kada in wahalar da kaina, biran nan ƙarar bindiga kaɗai suke wa ladabi, ita ma sai ta wurin da suka saba jin ta.

Bindigar tana naɗe cikin tsohon gwado a saman azarar ɗakin Baba. "Tsohuwa" yake ce mata. Ba irin doguwar adakar maharba ba ce da ke kusan kai tsayin mutum. Gajeriya ce, in ka kafa gindinta a ƙasa bakinta da kyar ya wuce ƙugu, amma nauyi kamar taɓarya biyu. An ce kakan kakanmu ne ya karɓe ta a hannun fatake ya ba su sa. Akwai rubutun Nasara a jikin ƙarfen, hannuwa sun goge shi har ba ya karantuwa. Ƙotar ta taɓa tsagewa aka sa mata fatar wutsiyar sa ɗanya, ta bushe ta kama ta gam. Ta baki ake ɗura mata komai, da albarushi da tsumma da 'yan guntayen ƙarfe, a tura da sandar ɗuri. A gefen gindinta akwai ɗan tsinin ƙarfe mai rami wanda Baba ke kira kunne, nan ake ɗora 'yar hula mai kama wuta, ƙarfen da aka ɗana ya sare ta in an ja kunama. Wannan duk daga baya na sani. A ranar, ban san gabanta da bayanta ba sai don bakin yana da rami.

Na shimfiɗa wa Baba tabarma a zaure, na jingina shi da bango, na ajiye bindigar a tsakaninmu. Ya shafa ta da hannun hagu ya ce, "Tsohuwa, yau kin ga ta kanki. Kin faɗa hannun masu allura."

Na ce, "Baba, ta ina zan fara?"

Ya dubi ƙofa ya ƙwala wa Goggo kira. Ta baro tukunya a wuta ta zo tana goge hannu. Ya ce mata, "A ce da mutane su fara share mata maƙogwaro."

Goggo ta juyo gare ni, ina zaune gwiwata tana kusan taɓa tasa, ta ce, "Ya ce ka share mata maƙogwaro."

Na ce, "Na ji, Goggo, ai ni ba kurma ba ne."

Ta ce, "To Allah ya ba da haƙuri, ni dai 'yar aike ce," ta koma ga tukunyarta tana dariya. Daga nan aka sallami Goggo, karatun ya koma tsakanin Baba da bindiga, ni ina sauraro kamar mai laɓe.

Na naɗa tsumma a sandar na goge cikin, ya fito baƙi ƙirin da tsatsa da gidan zanzaro. Da aka zo kan albarushi, na buɗe ƙahon da yake ciki na ce, "Kamar yaya zan zuba?" Baba ya ce, "Tsohuwa, ke dai kin san cikinki. Ba kya son yunwa, ba kya son ƙoshi." Na zuba a tafin hannuna, ya yi tsaki. Na ƙara, ya yi gyaran murya. Na rage, ya sake tsaki. Ni tela ne, da awo nake ci. In ka ce mini wuyan riga kaza ne, ko a mafarki zan yanka shi daidai. Ga shi an zaunar da ni ina awon abin da zai iya tsinke mini hannu da tsaki da gyaran murya. Sai da na ji ya yi shiru na gane na dace, na yi maza na duba inda tarin ya tsaya a zanen tafina.

Na zuba, na tura tsumma, na kama dannawa da sandar. Ya ce, "Tsohuwa, yau kirɓa ki ake kamar fura." Na sassauta. Ya ce, "Kayya, shafa ki ake kamar amarya." A tsakanin fura da amarya aka bar ni in nemo hanya. Haka ya yi ta zuba mata zance, wani kirari, wani tsohon labarin gada da suka taɓa kayarwa, wani ƙorafi a kan 'yan zamani. Na ji ya ce, "Ke kam akwai nawa. In kin yi shiru ba fushi kika yi ba, tunani kike. Wanda ya san ki ba ya leƙa miki baki." Na ji shi sarai. Amma a cikin wannan ruwan zance, wa zai tsince mini wanne ne kirari, wanne ne gargaɗi? Na zuba shi a inda na zuba labarin gadar.

Washegari da hantsi na je gona na laɓe a bukka. Birai suka sauko, babban yana gaba. Na ɗana, na ɗora a kafaɗa, na rufe ido ɗaya, daga baya na rufe ɗayan ma, na ja kunama. Sai na ji ƙyas. Shi ke nan. Na sa wata hular na sake ja, ƙyas. Babban birin ya ɗaga kai ya dube ni, ya ci gaba da ɓare masararsa. Wallahi da a hannuna akwai taɓarya ta gaske da ta fi mini amfani.

Ashe albarushin ƙahon ya mutu. Lokacin marka ne, ruwa ba dare ba rana, hatta ashana sai an yi mata magiya take kamawa. Wannan ma ba a gaya mini ba. Na ji shi ne a wata gaisuwar jaje da Baba ya yi wa Tsohuwa, wai an ba ta tuwon bara. Sai da na ɓata yini ina zaƙulo ɗurin da wata lanƙwasasshiyar waya, yana fitowa kamar danƙo, yatsuna duk suka yi kanta. Sabon albarushi kuwa sai ranar kasuwar Tudun Wada, wurin masu kayan farauta. Na jira kasuwa ta ci, na bi hanyar daji, babur ya kafe a laka sau ba adadi, rafi ya kawo na zauna a bakinsa ina jiran ya janye. Kafin in dawo birai sun share kusurwar gonar ta gabas kaf. Goggo ta tsinto gatsattsun masarar a zani ta zube a tsakar gida, ta zauna ta zuba musu ido.

Na ce bari in kira ƙanina, tunda shi aka ba karatun da baki. A ƙauyenmu waya ba ta shiga sai ka hau wani falalen dutse bayan masallaci ka fuskanci arewa. Na hau ina zamewa, yayyafi yana dukana. Ya ɗauka cikin hayaniyar kasuwa, na zayyana masa komai. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai abin a hannu yake, ba a baki ba. Ga Baba nan kusa da kai, ka tambaye shi mana." Na dubi wayar nan, na dubi ƙasan dutsen, Allah ne kawai ya hana ni jefa ta.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne na sabon albarushin. Ya ɗan sha danshi a hanya, ga rana ta ƙi fitowa. Goggo, cikin son taimako, ta zuba shi a faifai ta nufi murhu da shi wai ya ji ɗumi. Baba ya hango ta daga ƙofar ɗaki. Ya kira sunanta da ƙarfi, ya ce ta tsaya inda take, ta juya a hankali, ta ajiye faifan a kan turmi. Sannan ya yi mata bayani tiryan-tiryan: yadda tartsatsi ɗaya ya isa, yadda ake shanya shi a inuwa mai iska in ba rana, yadda ake murza shi a yatsa a gane ya bushe, yadda ake toshe bakin ƙaho da kakin zuma. Magana fes, kowace da dalilinta, ko malamin makaranta albarka. Ashe ya iya. Kowa a duniya yana iya samun wannan bayanin, har mai shirin tashin gidan da mu a ciki, ban da ni.

Ban san lokacin da na isa gabansa ba. Na durƙusa, don ko a cikin fushi ƙafata ba ta yarda ta tsaya a kansa ba, na ce, "Baba, don girman Allah, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Masarar nan ƙarewa take. Ka dube ni ka gaya mini yadda ake yi. Ni ne fa, ba baƙo ba."

Goggo ta saki salati ta rufe baki da gefen zani. Baba ya juyar da fuska ga bango. Can ya ce, a hankali, "Tsohuwa, zamani ya zo da abin da ya zo da shi." Bindigar ma ba ta wurin, tana zaure. Da magariba aka kai masa tuwo ya ce ya ƙoshi. Goggo ta same ni a bayan rumbu ta ce, "Kai ma dai. Mutumin da ko uwarka ba ta taɓa jin ya ambace ka ba, yau za ka sa shi ya tuɓe a tsakar gida?" Na ce, "To mu ci kunyar, Goggo, in masara ta ƙare. A dafa ta da miyar kuka." Ta ce Allah ya shirye ni, amma na ga tana danne dariya.

Da gari ya waye ina wanke laka a jikin babur, sai na ji murya daga ɗaki tana gaya wa iska: "Da za a samu mai babur, da an je an ga gonar nan."

Ɗora shi a babur aiki ne. Hannu ɗaya ba ya riƙo, ƙafa ɗaya ba ta taka ƙarfe. A ƙarshe Goggo ta kawo zaninta ta ɗaure shi a bayana kamar goyo, ta rataya mini Tsohuwa a gaba. Tunda na yi wayo jikina bai taɓa haɗuwa da na Baba ba sai ranar. Ina jin ƙasusuwan ƙirjinsa a gadon bayana, ba shi da nauyi ko kaɗan, numfashinsa yana sauka a wuyana. Duk tsawon tafiyar, da hanya yake magana. "Wannan ramin bara ba ya nan." "Masu hankali ta hagu suke bi a nan." Na bi ta hagu.

Na zaunar da shi a bakin bukka, na jingina shi da buhun ƙaiƙayi. Ya daɗe yana duban gonar, karan da aka karairaya da ɓawon masara fari fat a ƙasa. Na zauna a gabansa na yi ɗuri. Na zuba albarushi daidai zanen tafina, ba tsaki. Na tura tsumma na danna, tsakanin fura da amarya, har sandar ta yi tsalle a hannuna, ba gyaran murya. Na zuba guntayen ƙarfe, na bi da wani tsumman, na ɗora hula a kunne. Ya ce, "To, Tsohuwa, saura ke." A wurin Baba wannan yabo ne mai tsada.

Hantsi ya ɗaga suka sauko. Na fita daga bukkar na matsa gaba kaɗan, Baba yana ta hagu da ni. Babban birin ya hau dutsensa ya zauna, sauran suka watsu cikin masara, kana jin ƙarar karyawa ɓas, ɓas. Na ɗana, na saita sama da kansa, wannan karon ido a buɗe. Na ja kunama. Hular ta yi tas, ɗan hayaƙi ya fito ta kunnen, sai shiru. Birai suka ɗan tsaya, suka dubi juna, suka koma bakin aiki.

Haƙurina ya ƙare. Lakar hanya, da wayar ƙanina, da tsaki, da masarar Goggo a tsakar gida, duk suka haɗu. Na sauke bindigar na buga gindinta a ƙasa. Na ce yau sai na ga abin da ya toshe wannan tsinanniyar. Da doguwar adaka ce da sai na nemi abin takawa, amma ita gajeriya ce, bakinta yana nan ƙasa da ƙirjina yana kallon sama. Na sunkuya zan kafa ido a ramin.

Sai na ji sunana.

Ba laƙabin da kakata ta sa mini ba, ba wanda abokai ke kirana da shi ba. Sunana na yanka, cikakke, da wata irin murya da ta tsaga gonar. Ba tsoro ne ya ɗago ni ba, don ban san akwai abin tsoro ba. Mamaki ne. Na ɗago kai na juya hagu in ga wane ne, domin ban san yadda sunan yake a wannan bakin ba. A daidai nan Tsohuwa ta gama tunaninta.

Wuta ta wuce ta gefen fuskata ta dama. Hulata ta tashi sama, bindigar ta fizge daga hannuna ta faɗi can. Farin hayaƙi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ya rufe ni, ina jin ƙaurin gemuna. Na sami kaina a zaune cikin laka. Ta cikin hayaƙin na hango birai suna hawan dutse da gudu, uwaye da 'ya'ya a manne a ciki, babban yana gaba da kowa, bakunansu a wage suna ihu. Amma ba na jin komai. Duniya ta ɗauke ɗif, sai wani siririn kuka a cikin kaina kamar na sauro.

Sai na ga Baba. Mutumin da ba ya iya zuwa bayan gida sai an riƙe shi, ga shi yana jan ciki a cikin laka da gwiwar hannu ɗaya, rawaninsa ya warware yana bin sa. Ya iso ya damƙi wuyan rigata, ya saki, ya shafa goshina, ya shafa idanuna ɗaya bayan ɗaya, ya taɓa kumatun da ya ƙone, ya sake damƙar rigar. Idonsa yana cikin nawa. Bai kalli katanga ba, bai kalli bindiga ba. Magana yake yi, da ni, bakinsa yana motsi da sauri, hawaye yana bin gemunsa.

Na ce, "Baba, ba na ji!" Ko muryata ban ji ba. Na nuna kunnena, na girgiza kai. Bai fasa ba. Ya yi ta yi, ya tsaya ya haɗiyi yawu, ya ci gaba, yana jijjiga ni da hannun nan guda. Na ga ya nuna ƙirjinsa, na ga ya nuna wajen arewa, inda Kiru take. Na zuba wa leɓɓansa ido ina ƙoƙarin in tsinci ko kalma ɗaya, gemu ya rufe rabinsu. Abin da na yi shekara da shekaru ina jira ana zuba mini shi kamar ruwan marka, ni kuwa ba ni da abin tara. Na fashe da kuka, rabi don daɗi, rabi don takaici.

Da ya gaji ya yi shiru, ya kifa goshinsa a kafaɗata. Muka zauna haka har yayyafi ya fara. Na ɗauke shi na ɗaure a bayana da zanin Goggo, na rataya Tsohuwa, muka koma gida. Ko ya yi magana da hanya a komawar, ban sani ba.

Wajen la'asar kunnen hagu ya yi ɗan ƙara ya buɗe. Ina kwance a zaure, na ji kaji, na ji Goggo tana ta innalillahi a tsakar gida. Sannan na ji muryar Baba daga ɗaki, a natse, kamar ba abin da ya faru: "A shafa wa mutane man shanu a kumatu." An koma gidan jiya.

Masarar dai ta tsira, abin da ya rage. Birai suka yi kwanaki ba su sauko ba, da suka fara leƙe kuma na riga na san halin Tsohuwa. Nakan toshe kunnuwa da ƙyallen ɗinki, in ta yi shiru in bar bakinta yana kallon dutse in yi ta salati har ta ga dama. Aka yi girbi, rumbu bai cika ba amma ya wuce rabi, Baba ya ci tuwon masarar nan har ya ce da kwano an iya noma bana. Kunnen dama kuwa bai dawo ba. A asibiti suka leƙa suka ce fatar ciki ta fashe, sai haƙuri.

Na daɗe ina neman yadda zan tambaye shi. Goggo ba ta wurin, birai ne kaɗai shaidu. Ranar da zan koma Tudun Wada, na goge Tsohuwa na shafa mata mai, na kawo ta gabansa kafin in naɗe ta. Na durƙusa, na karkato kunnen hagu sosai. Tunda haka ake yi a gidanmu, ni ma na dubi bindigar na ce, "Tsohuwa, don Allah me aka ce ranar nan a gona? Mutane ba su ji ba."

Baba ya yi murmushi, irin wanda ban taɓa ganin ya yi ina wurin ba. Ya sa hannu ya gyara gefen gwadon. Ya ce, "Tsohuwa, ki ce da mutane abin da aka faɗa an faɗa."

Na jira ko da ƙari, babu. Ya ce da ƙofa hadari yana haɗuwa, masu tafiya su yi sauri kafin rafi ya kawo.

Bai ga wata daminar ba. Bayan an yi sadakar bakwai Goggo ta fito da gwadon ta ajiye a gabana, ƙanina yana zaune, ta ce wasiyya ce, a bai wa tela. Na ce mata, "Haka ya ce? Tela?" Ta ce haka ya ce. Na ɗauka na ɗaure a bayan babur.

Har yau in na zauna shiru a shago nakan ga leɓɓan nan suna motsi, in yi ta gwada musu kalmomi kamar mai gwada wa mutum riga, wannan ta yi faɗi, wannan ta matse. Sunana dai na ji shi, sau ɗaya, da kunnuwana biyu suna lafiya. Sauran maganar ya faɗe ta duka, yana kallon idona, ni ne ban ji ba.